Kafin Ƙara ta Uku

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo, to ga ta ta zo, sai ku gyara zama. Wannan ba ta cikin dawa ba ce, a wani bene mai hawa uku ta faru, ranar wata Talata da hantsi.

"Sittin da takwas," in ji Uwar Biyu. "Sittin da tara. Gwaggo, yana tafiya fa."

Tana tsaye a bakin taga, ta ɗaga wayar sama da kanta da hannu biyu, domin a duk ɗakin nan ne kaɗai sabis yake kai sanda uku. Kafaɗunta sun ƙage, amma ba ta yarda ta sauke ba. A fuskar wayar wani siririn zare shuɗi yana jan ciki daga hagu zuwa dama, a ƙasansa an rubuta ana sauke sabuntawa.

"Saba'in."

Sai wayar ta ɗauki kuka.

Daga kan gado, cikin matasai uku da aka jera mata don numfashi ya samu hanya, Gwaggo Halo ta buɗe ido ɗaya. "Ɗaya," ta ce. Wayar ta sake yi. "Biyu. Ke Uwar Biyu."

Uwar Biyu ta ɗaga. Wata tsohuwar abokiyar aikin Gwaggo ce, labari ya isa gare ta. Ya jikin? Da sauƙi. Ta ci wani abu? Ta ɗan kurɓi ruwa. Likita ya zo? Ya zo da safe. To ya yara, ya aiki, ya tagwaye, har yanzu ɗayan yana can wajen karatun? Sai da aka ci minti huɗu cur kafin matar ta ce a gaishe ta, ta ajiye.

Uwar Biyu ta duba fuskar wayar. Zaren ya ɓace. An rubuta: Lokacin jira ya ƙare. Sake gwadawa.

Wannan shi ne karo na uku tun safe.

Bari in faɗa muku su wane ne. Uwar Biyu guga take yi wa mutanen benen da na maƙwabta, ƙofarta na kallon ta Gwaggo Halo shekara goma sha tara. Ita kuwa Gwaggo, a zamanin ƙuruciyarta ita ce mai haɗa layi a ofishin tarho, lokacin da in kana son magana da wani sai ka bi ta hannun mace mai abin ji a kunne, ta cire igiya nan ta soka can. Daga nan sunan Halo ya bi ta. Aikin ya mutu tun tuni, amma ta fito da doka ɗaya da ta ɗora wa duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta: waya ba ta ƙara uku ba a ɗaga ba. Ko kana banɗaki ne, ko tukunya na ƙonewa. Yaran benen har wasa suke da ita, in sun ji waya ta yi kuka a ko'ina sai su haɗa baki, "Ɗaya! Biyu!"

Da safen nan likita ya zo, ya saurari ƙirjinta, ya danna ƙafafunta da suka kumbura, ya ja surukarta Malama, matar ɗanta, zuwa bakin ƙofa. Zuciyar ta gaji, in ji shi. Tunda ta ce ba za ta koma asibiti ba, a bar ta a gadonta, a sanar da na nesa. Ya ce wataƙila yau, wataƙila gobe. Malama ta sanar da mutum uku kawai, amma kun san yadda abin yake, kafin hantsi ya kai mutum talatin.

Bayan tafiyar likita ne Gwaggo ta yafito Uwar Biyu da yatsa, ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi.

"Akwai saƙon murya a ciki," ta ce. "Na Auta. Ina so in ji."

Uwar Biyu ta san Auta ƙanwar Gwaggo ce, ta san ta rasu wata uku da suka wuce a wani gari mai nisa, ta kuma san Gwaggo ba ta je ba, ta ce ƙafa. Abin da ba ta sani ba shi ne wanda tsohuwar ta faɗa mata a safen nan, kalma biyu ta huta, kalma uku ta huta.

Shekara talatin da takwas ke nan. Mahaifiyarsu na kwance, Auta ce ke jinya, Gwaggo kuma tana zuwa aiki. Ranar wata Lahadi suka yi cacar baki, Auta ta ce mata ta fi son igiyoyinta a kan uwar da ta haife ta. Washegari Gwaggo na zaune ita kaɗai a gaban allon haɗa layi, sai fitilar layi na sha huɗu ta kama, layin kantin da ke jikin gidansu. Ta san Auta ce. Ta ɗauka ci gaban faɗan jiya ne. Ta naɗe hannu tana kallon fitilar tana ƙiftawa, har ta mutu don kanta. Bayan awa guda aka aiko mutum a keke ya zo ɗaukarta. A bakin ƙofa Auta ta tare ta, ta ce, "Ta yi ta kiran sunanki. Na kira ki, kin ƙi ɗagawa."

Daga ranar, tsakaninsu sai gaisuwar nesa, ita ma ta bakin wasu. Sai ga saƙon murya mako guda kafin Auta ta rasu, daƙiƙa hamsin da biyu. Gwaggo ta gan shi, ta kife wayar. Ba ta sake buɗe manhajar saƙon ba.

"Tsoro nake ji," ta ce. "Amma yanzu in ban ji a nan ba, zan je in tarar da ita ban san da wace fuska ba."

Da Uwar Biyu ta danna manhajar, sai ta ƙi buɗewa. Wai ta tsufa, sai an sabunta ta. Da aka je sabunta ta, ita ma ta ce ba za ta zauna a kan tsohon tsarin wayar ba, sai an fara sabunta wayar gaba ɗaya. To shi ne wannan zaren shuɗi da ake ta fama da shi tun ƙarfe takwas.

Uwar Biyu ta zaro tata wayar, 'yar ƙarama mai maɓallai wadda roba ke riƙe da murfinta, ta kira Mai Gyara, mai gyaran waya na bakin kasuwa.

"Uwar Biyu, yau kuma rigar wa kika ƙona?"

"Bar wasa, don Allah. Kana shago?"

"Ina hanya, na tafi sayo kaya. Sai gobe da rana."

"Gobe ta yi nisa."

Ya ji muryarta, ya daina dariya. Ta karanta masa abin da aka rubuta. Ya tambaya ko akwai wata babbar waya a kusa da za a jawo data daga gare ta. Babu, ta Malama ta faɗa ruwan wanki tun makon jiya, sauran mutanen benen duk sun fita aiki. Ya ce to ta kashe wayar ta kunna. Ta duba ko akwai wuri a ciki, in ya cika ta goge hotuna da bidiyon da ba a so. Ta tsaya inda sabis ya fi ƙarfi, kada ta motsa. Ta sa a caji, don ko ya gama sauka, in batir bai kai rabi ba ba zai hau ba.

"Abu ɗaya kuma," ya ce. "Ko me ya faru kada ki goge manhajar nan, kada kuma ki yarda wani ya ce a wanke wayar. In kika yi haka, saƙon ya tafi ke nan, ko ni ba zan iya dawo da shi ba."

Batir na kan talatin da ɗaya. Soket ɗin ɗakin yana bayan gado, taga tana wancan bango. Uwar Biyu ta ruga ɗakinta, ta fizge doguwar igiyar da take jona dutsen guga da ita, ta bar rigunan mutane a jibge a kan tebur. Ta ja igiyar ta ƙarƙashin gado, ta bayan kujera, har bakin taga. Ta goge bidiyo arba'in da ɗaya na gaisuwar safiya masu furanni da mutane suka yi ta turo wa Gwaggo. Babban yatsanta ya yi kanta saboda zafin dutse, gilashin ba ya jin sa sai ta danna sau biyu, sau uku, don haka ta koma amfani da ɗan ƙaramin.

Sake gwadawa.

Ɗaya. Biyu. Biyar.

Malama na zaune a bakin gado da kofi da cokali, tana ɗiga wa surukarta ruwa a leɓe. Ana jin agogon bango, ana jin wani yana buga ƙarfe a gareji can ƙasa, ana jin numfashin Gwaggo, wanda yake shiga da sauri ya fita da ja, kamar ana jan kujera a kan siminti. Rana ta hau, ta fara dukan tagar. Wayar ta yi zafi a hannun Uwar Biyu, ta yage murfin kwali ta yi mata inuwa.

Arba'in. Hamsin da biyar. Aka yi sa'a, kusan awa guda ba wanda ya kira.

"Nawa?" in ji Gwaggo, ido a rufe.

"Tamanin da bakwai."

"Mm."

Tamanin da tara. Casa'in. Casa'in da ɗaya.

Wayar ta yi kuka. Sunan Direba ya fito, ɗan Gwaggo tilo, mijin Malama, wanda yake can kan hanya da babbar mota, tafiyar awa biyar tsakaninsa da gida.

"Ɗaya," in ji Gwaggo.

Ai wannan ko ba doka, wa zai ƙi ɗagawa? Uwar Biyu ta cire caji, ta kawo wayar bakin gado, ta kara mata a kunne. Ana jiyo muryarsa da ƙugin inji. "Mama, ga ni nan tafe. Na sauke kayan a hanya, na juyo. Mama, kina ji na? Ki jira ni."

"Kada ka yi gudu," ta ce. "Ka ci abinci?"

"Mama, wane abinci kuma?"

"Ka ci. Ka fiye rama."

Da ya ajiye, Uwar Biyu ba ta ma so ta duba ba. Ta duba. Lokacin jira ya ƙare. Sake gwadawa.

Ta fita baranda don kada tsohuwar ta ga fuskarta. Malama ta biyo ta, ta jawo ƙofa.

"Yaya, ki bar abin nan haka," in ji Malama ƙasa-ƙasa. "Tun safe kina tsaye a taga kamar mai jiran baƙo. Ita kuma ta ƙi sakin jiki, duk minti biyar sai ta tambaya nawa. Wahalar da ita muke yi."

"Ita ta ce tana so."

"Kin san abin da ke ciki? Ni na san Autar nan, sau ɗaya na gan ta, ko ruwan gidanmu ba ta sha ba. In zagi ne fa? In cewa ta yi ban yafe ba? Mu kara mata wannan a kunne tana kan hanya? Ki ce mata wayar ta lalace. Ko ki ce kin ji, gaisuwa ce kawai."

Maganar ta ratsa Uwar Biyu, don ita ma tun safe abin da ke cin ta ke nan. Ta dubi wayar, ta dubi ƙofar.

"Shekara goma sha tara ban taɓa yi mata ƙarya ba," ta ce. "Ranar da na haifi tagwaye, ita ta tsaya a kaina har motar asibiti ta zo. In ta tambaye ni ido cikin ido, ba zan iya ba."

"To in ya kashe ta fa?"

"Malama." Uwar Biyu ta kama hannunta. "Ai ba shi zai kashe ta ba."

Malama ta juya fuska ta share ido da gefen mayafi. Daga ciki suka ji ana ƙwanƙwasa kofi da cokali. Suka koma da sauri.

Gwaggo ce, ta buɗe ido biyu tangaran. "Kun fita kuna gulmata," ta ce. "Zo nan, Uwar Biyu. Sau nawa ya yanke?"

"Huɗu."

"Na farko, me ya faru kafin ya yanke?"

Uwar Biyu ta yi tunani. "Matar mai gidan haya ta kira."

"Na biyu?"

"Ɗan wanki... a'a, jikan ƙawarki, mai shagon takalma."

"Na uku, waccan mai surutu. Na huɗu, yaron nan." Ta tsaya ta nemi numfashi, ta samo shi da ƙyar. "Ku da karatunku, da mai gyaranku. Layi ɗaya ne. In murya ta shigo, ɗayan sai ya tsaya ya jira. In ya gaji da jira ya ajiye. Ni ma haka mutane suke yi mini."

Uwar Biyu ta saki baki. Ta danna wa Mai Gyara kira, ta faɗa masa. Sai ya ce, "Kai! Wallahi gaskiyarta. Tsohuwar waya ce, a kan ƙaramin sabis kira yana tsayar da data. Ni ban kawo ana ta kiranta ba. To ku daina ɗagawa mana, ku riƙa katsewa."

"Ba a ɗakina ba," in ji Gwaggo, don ta ji shi.

"Mama, na yau kaɗai," in ji Malama. "Awa ɗaya da rabi."

"Sau ɗaya na yi. Na yau kaɗai na ce ranar ma."

Uwar Biyu ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ga hanya an gano, ga mai hanyar ta tare ta.

Sai Gwaggo ta ɗaga yatsa. "Wa ya ce a bar mutane suna kira ba amsa? Karkatar da su za a yi. Aikina ke nan shekara ashirin da shida. Buɗe wajen lambobi. Tauraro biyu. Biyu, ɗaya. Tauraro. Sa lambarki. Sai wannan mai kama da tsani. Danna kira."

Uwar Biyu ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Wayar ta yi ɗan tunani, ta rubuta cewa an karkatar da duk kira.

"Yanzu duk mai nemana zai same ki," in ji Gwaggo. "Kafin ta uku, kin ji ko?"

"Na ji, Gwaggo."

Ƙarfe ɗaya da kwata aka sake dannawa. Uwar Biyu ta koma taga, babbar waya a hannun dama a sama, ƙaramar a hagu. Ba a kai kashi goma ba ƙaramar ta fara kuka. Ta ɗaga tun a na farko. "Halo. E, wayarta ce. Maƙwabciyarta ce. Da sauƙi. Za ta ji." Idonta na kan zaren. Bai tsaya ba. Sha ɗaya. Sha biyu.

Haka ta yi ta yi. Mai kanti ya kira, wata jikar ƙawa ta kira, wani da ya yi kuskuren lamba yana neman mai sayar da taya shi ma ya samu amsa da ladabi. Hannunta na dama ya mutu, ta tokare gwiwar hannun da ƙarfen taga. Gumi na bin bayanta. Ba ta juya ba, amma kunnenta na kan gado, kuma wajen kashi sittin ta ji numfashin ya sauya. Yanzu sai ya yi shiru, har ka ƙirga biyar, shida, sannan ya dawo da ƙarfi.

"Yaya," in ji Malama. "Hannunta ya yi sanyi."

"Saba'in da huɗu. Gwaggo, saba'in da huɗu!"

Ba amsa. Tun ɗazu ta daina tambayar nawa.

"Ki zo ki riƙe ta, Yaya. Ki bar wayar nan ki zo."

Taku huɗu ne tsakanin taga da gado. Uwar Biyu ta auna su da ido. In ta matsa, sanda uku za su koma ɗaya. In ba ta matsa ba, wataƙila matar da ta yi shekara goma sha tara tana ba ta aron gishiri da ashana ta tafi tana kallon bayanta.

"Riƙe ta da hannu biyu," ta ce. "Ɗaya naki, ɗaya nawa."

Ta shiga ƙirgawa da ƙarfi, yadda ko ina tsohuwar take za ta ji. Tamanin. Tamanin da biyar. A casa'in da ɗaya zaren ya tsaya cak, sandunan suka koma biyu. Uwar Biyu ta yi ɗage, ta tura hannu waje ta tsakanin ƙarafan taga har igiyar caji ta miƙe. Daƙiƙa goma. Ashirin. Casa'in da biyu.

Ɗari.

Wayar ta tambaya ko a ɗora yanzu. Ta danna. Fuskar ta yi baƙi ƙirin.

"Ta mutu?" in ji Malama.

"Ya ce haka take yi."

Yanzu ba ruwan sabis, don haka ta zo ta durƙusa a bakin gado, ta ajiye wayar a kan bargo, ta kama ƙafar Gwaggo tana murzawa. Wani ɗan zobe fari yana ta juyawa a cikin baƙin gilashin. Minti biyar. Minti tara. Wayar ta mutu ta kunna kanta, ta sake mutuwa. Minti goma sha huɗu, sannan haske ya kawo.

Aka rubuta: Shigar da lambar sirri.

Suka dubi juna. Ɗazu da Uwar Biyu ta kashe ta kunna, Gwaggo ce ta karɓa ta danna da kanta.

"Mama. Mama, lambar wayar." Malama ta sunkuya a kunnenta. "Mama, lambar buɗewa."

Leɓen ya motsa, ba sauti. Malama ta ce a gwada shekarar haihuwar Direba. Aka gwada, ta ƙi. Aka gwada ɗaya biyu uku huɗu, ta ƙi, ta kuma yi gargaɗin saura uku. Uwar Biyu ta rufe ido. Ta tuno safen nan, ta tuno fitilar layi na sha huɗu tana ƙiftawa a kan allo. Ta danna ɗaya, huɗu, ɗaya, huɗu.

Ta buɗe.

Saura manhajar kanta. Ta ruga taga. Wannan ƙarama ce, minti uku ta sauka, amma Uwar Biyu ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin minti uku masu tsawon waɗannan ba. Ta danna, ta buɗe. Ga sunan Auta can ƙasa, ga 'yar kibiya, ga hamsin da biyu.

Ta dubi Malama. Malama ta cije leɓe, ta gyaɗa kai.

Ta ƙure ƙarar, ta kara a kunnen Gwaggo, ta danna.

Da farko tari ne, da ƙarar fanka. Sannan wata murya ta tsufa, mai kama da ta Gwaggo har abin ya ba da tsoro.

"Halo. Yaya. Ni ce. Yarinyar nan ta ce in danna nan in yi magana... Yaya, sun ce jikin nawa ba dama. Akwai abin da na riƙe, ya yi mini nauyi. Ranar nan, lokacin da na je kanti na kira ki, Inna ta riga ta cika. Tana barci ta tafi, ina wanke-wanke a waje, ban ma sani ba sai da na shigo. Ba ta kira kowa ba. Ko kin ɗaga a ƙarar farko, ba za ki same ta ba. Haushi ne ya sa na faɗa miki haka, ni kaɗai a gidan, ga tsoro. Daga baya kuma kunya ta hana ni warwarewa. Ki yafe mini, Yaya. In kin ji, ki kira ni. Zan ɗaga."

Sai ƙarar fanka, sai ɗif.

Uwar Biyu na kallon fuskar, ba ta san ko ya shiga ba, ko sun makara. Numfashin ya yi shirunsa, biyar, shida, bakwai. Ya dawo. Sai hawaye ɗaya ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne. Hannun dama, wanda Malama ke riƙe da shi, ya zame ya ɗan tashi, yatsu biyu a haɗe kamar masu riƙe da kan igiya, ya matsa gaba kaɗan, ya sauka.

"Ja'ira," in ji Gwaggo Halo, can ƙasan maƙoshi. Gefen bakinta ya motsa. "Sake sa mini."

Sau uku aka sa mata. Ana cikin na huɗu ƙaramar wayar ta yi kuka a aljihun Uwar Biyu, ta ɗaga kafin ta biyu. Direba ne, ya ce saura awa uku. Ta kara wa uwar a ɗaya kunnen, ya yi ta magana, ita dai tana numfashi, yana ji. Da la'asar, rana ta bar taga ta koma bangon gareji, numfashin ya yi shirunsa, suka ƙirga har ashirin, bai dawo ba.

Direba ya iso kafin faɗuwar rana, bai same ta ba, amma ya ce ya ji ta, kuma ya tsaya a hanya ya ci abinci kamar yadda ta ce. Shi da Malama suna nan a ɗakin har yau, sun mayar da gadon kusa da taga. Mai Gyara ya dawo washegari, ya zo gaisuwa, tun daga nan duk wanda ya kawo masa waya mai yanke sabuntawa sai ya fara tambaya ko ana yawan kiransa. Masu riguna sun karɓi kayansu bayan kwana uku, ba wanda ya yi ƙorafi.

Babbar wayar tana cikin aljihun tebur a kashe. Sai dai ba wanda ya tuna ya warware karkatarwar, Uwar Biyu kuma ba ta tuna wa kowa ba. Lokaci-lokaci, tana tsaka da guga, 'yar ƙaramar mai roba takan yi kuka, wani ne daga nesa da labari bai kai masa ba. Takan kafa dutsen a tsaye, ta goge hannu a zane, ta ɗaga kafin ta uku.